Ciwon kan da asibiti bai gano ba



Babban ɗana shekarunsa 15. A nan Sabon Ibadan aka haife shi, Yarbanci a bakinsa kamar ruwa. Bara ya fara yawan ciwon kai, barci ma sai ya kai tsakar dare yana juyi. Muka je asibiti aka auna maleriya da taifot, ba a ga komai ba. Daga baya ƙanwarsa ta tsegunta wa uwarsu cewa a makaranta ba a kiransa da sunansa, sai "aboki", wasu ma har "Boko Haram". Da na tuntuɓe shi sai ya ce, "Baba, ai na taɓa gaya maka, ka ce in yi haƙuri." Gaskiya ya faɗa. Abin da mahaifina ya riƙa ce mini ke nan ni ma.

Ina cikin wannan damuwa na ci karo da binciken Farfesa Gene Brody, masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Jojiya ta Amurka, wanda aka buga a 2014. Shi da abokan aikinsa sun bibiyi matasa baƙar fata 331 a karkara, suna tambayarsu wariyar da ake nuna musu daga shekara 16 zuwa 18. Da suka kai 20 aka auna jininsu da ƙibarsu da sinadaran da jiki ke fitarwa in hankali ya tashi. Waɗanda suka fi shan wariya, jikinsu ya fi nuna alamun jigata. Amma a cikinsu, masu iyaye da abokai da ke sauraronsu suna rarrashinsu ba a ga wannan tabon a jikinsu ba.

Na san Jojiya ba Ibadan ba ce, kuma maƙwabtanmu Yarbawa da dama sun yi mana halacci. Sai dai na gane cewa haƙurin da na ba ɗana rufe masa baki ne kawai.

Na je na ga shugaban makarantar. Yanzu kuma bayan sallar Isha'i mukan zauna, ba na cewa uffan sai ya gama. Ciwon kan bai rabu da shi gaba ɗaya ba, amma yana barci.

Don Allah ku tambayi yaranku sunan da ake kiransu da shi a makaranta. Allah Ya raya mana su, amin.