Leɓɓa, ƙura da idon kamara

Sautin da ake rubutawa da harafin f ba ya fita iri ɗaya a kowane baki. Mutumin Adar ko na Dogon Dutsi zai ce hwari da hwaɗa inda wani zai ce fari da faɗa, kuma ko a wajen masu cewa fari, galibi leɓɓa biyu ne ke kusantar juna, ba haƙori da leɓe ba irin na Faransanci. Kunne yana kama bambancin, sai dai kunne mai son zuciya ne, abin da ya saba ji shi yake ji. Shi ya sa wata ɗalibar ajin masta a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, wadda ke rubuta kundinta kan wannan sauti a ƙauyukan jihar Tawa, ta ga ba makawa sai ta ɗauki motsin leɓɓan masu magana.

Wayar hannu ba ta biya mata bukata. In an tsaya nesa, baki ya zama ɗigo a cikin hoto. In an matso da ita gaban fuskar tsohuwa, kunya ta kama ta, ta shiga gyara harshe, maganar gida ta gudu. Abin da ake nema shi ne kamara mai idon da ake cirewa a sauya, wadda za ta jawo fuska daga nesa. Kuɗin kuwa na saye ɗaya ne, abin da ta tara daga tallafin karatu da gudunmawar yayanta. In zaɓen ya karkace, ranin bana ya wuce ba aikin fili.

Masu shago lissafin megafiksel suke fara yi wa mai saye. Canon 2000D da Nikon D3500, waɗanda aka fi miƙa wa sabon shiga, kowace tana da miliyan 24, kuma hotonsu ba abin kushewa ba ne. Amma duka biyun ba su da ramin da ake soka makirfo na waje. Ga mai ɗaukar hoton biki wannan ba komai ba ne. Ga mai nazarin furuci, kamarar da ke jin iska da kukan awaki fiye da muryar mai magana rabin kamara ce.

Wani dattijo mai gidan hoto, abokin mahaifinta, shi ya juya mata tambayar. Ya ce, "Ƴata, gangar jikin baƙuwa ce, shekara kaɗan za ki sauya ta. Idon shi ne ɗan gida." Ya nuna mata cewa idon Canon ba ya zama a bakin Nikon, don haka wanda ya sayi kamarar farko dangi ya zaɓa. Canon ta fito da bakin da ake kira EF tun 1987, idanunsa na hannu suna da yawa a kasuwa.

Ta yi sha'awar sababbin kamarorin da ba su da madubi a ciki, don ba su da nauyi. Abu biyu suka hana ta. Suna shan batir da sauri, ga shi ƙauyukan da za ta kwana ba duka ke da lantarki ba. Sannan a yawancin masu araha, da an cire ido sai farantin da haske ke sauka a kai ya fito fili, kuma wanda ya san hazon hunturu a Adar ya san inda ƙurar za ta kwana.

Ta tsaya kan Canon 250D ta hannu, mai ramin makirfo da allon da ke juyawa, tare da idonta na asali mai milimita 18 zuwa 55, wanda ya isa ɗaukar fili da taron mutane. Mai shagon ya matsa mata ta ƙara dogon ido mai kai wa 300. Ta bar masa abinsa, ba tsuntsu za ta ɗauka ba. Sauran kuɗin ta sa a ƙaramin ido mai milimita 50 da buɗi f/1.8. A kan wannan kamara yana aiki kamar mai 80, yana cika hoto da fuska ba tare da an tsaya wa mutum a ka ba, kuma hasken da yake shigarwa ya kusa ninka na idon asali sau 10 in an ja wancan ƙarshensa. A cikin zaure mai duhu, nan ne ake ganin amfaninsa. Yana da nasa sharaɗi: in an buɗe shi duka, mai magana ya ɗan sunkuya, leɓɓan sun dushe, don haka takan rage buɗin zuwa f/2.8.

Kamarar tana yanke bidiyo kafin ya cika minti 30, saboda haka ta rarraba jerin kalmominta gida-gida. Na'urar ɗaukar murya tana gefe tana nata aikin, kuma bayan an nemi izinin maigari da na mai magana, tafi ɗaya take yi a farkon kowace ɗauka, don ta gane inda za ta haɗa murya da hoto in ta koma Yamai.