Ciwon Dajin Tumbi: Shaidar da ke Cikin Ƙwayoyin Gado

Majiyyata biyu kan zo gaban likita da ƙari a tumbi, girmansa ɗaya, mazauninsa ɗaya, amma ɗaya ya ƙara shekaru a duniya, ɗayan kuwa watanni kaɗan. Wani ɓangare na wannan bambanci yana cikin ƙwayoyin gado.

Kowace ƙwayar jiki tana ɗauke da umurnin da mutum ya gada daga iyayensa, kamar kundin dokokin ma'aikata. Sai dai ba kowane shafi ake aiki da shi ba: wani ana karanta shi kullum, wani yana rufe. Idan tsarin ya rikice, ciwo ya samu ƙofa.

A ƙasar Niyu Zilan akwai wani dangi na ƙabilar Maori da ciwon dajin tumbi ya ɗauke wa sama da mutum 20, har da matasa. Su da kansu suka nemi masana. A 1998, Parry Guilford na Jami'ar Otago da abokan aikinsa suka gano naƙasa a ƙwayar gado mai suna CDH1, wadda ke samar da abin da ke manne ƙwayoyin jiki da juna. Idan ta yi shiru, ciwon ba ya dunƙulewa. Sai ya bazu cikin bangon tumbi a ɓoye. Yanzu ana auna ƴan dangin, masu naƙasar kuma da yawa kan yarda a cire musu tumbi tun ciwon bai bunƙasa ba.

Wata ƙwayar, HER2, ita yawan aiki ne laifinta. Binciken da aka wallafa a 2010 ya nuna cewa masu irin wannan ƙari, idan aka ƙara musu maganin trastuzumab, matsakaicin kwanansu kan tashi daga wata 11 zuwa kusan wata 14. Ribar ba ta da yawa, amma ta tabbatar da cewa awon yana zaɓa wa likita makami.

Duk wannan sani ba ya amfanar wanda ya makara. Ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ke rama, abinci kaɗan ya cika masa ciki, bayan gidansa ya yi baƙi, bai kamata ya tsaya ga maganin gyambon ciki na masu talla ba. Likita ya kamata ya nema, a leƙa tumbin da na'ura. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.