Tsufa Da Ciwon Baya: Iyakar Abin Da Hannu Ke Yi

Ranar da dattijo ya kasa tashi daga tabarma sai an kama shi, ran nan ya fara zama a hannun wasu. Saboda haka duk abin da zai sassauta masa baya da gwiwa ya cancanci a dube shi da idon basira.

Cikin 1874 ne wani likitan Amurka, Andrew Taylor Still, ya fito da hanyar jinya da ake kira ostiyofati, ya kuma buɗe makarantarta a garin Kirksville cikin 1892. Da hannu ake aikin: a tausa tsoka, a miƙe gaɓoɓi, a motsa su sannu a hankali har su saki. Ya bambanta da na maɗori, wanda ya fi shahara kan karaya da targaɗe. A Ingila, dokar 1993 ta hana kowa kiran kansa da sunan sana'ar sai mai rajista.

Inda amfaninta ya fi tabbata shi ne ciwon ƙugu da ƙasan baya. Amma ba ta mayar da guringuntsin da shekaru suka cinye. Wanda ƙashinsa ya yi rauni, ko mai shan maganin tsinka jini, matsa mai ƙarfi na iya jawo masa karaya ko zubar jini.

To, 'ya'yan da ke son tsohonsu ya ci gaba da taka ƙafarsa zuwa kasuwa, su fara kai shi likita ya duba ƙashin, kana a miƙa shi ga mai tausa.