Kuɗin Da Ba A Gogewa

Mu dai mun tashi mun ga darajar zinariya tana ga nauyinta. A ɗora ɗan kunne ko sarƙa a sikeli, a faɗi giram, a biya. Amma akwai masu tara tsofaffin tsabar kuɗi na zinariya, su kuwa sikeli ne abu na ƙarshe da suke dubawa. Tambayarsu biyu ce: guda nawa suka rage a duniya, kuma yaya lafiyar jikinsa?

Mu fara da dinari. Halifa Abdulmalik ɗan Marwan, na daular Umayyawa, shi ya buga dinarin da babu hoto a jikinsa sai rubutun Larabci, a shekara ta 77 bayan Hijira. Nauyinsa kusan giram 4 da kwata, wato miskali guda. A 2019 an yi gwanjon wani dinari na wannan daula a Landan, bugun shekara ta 105 bayan Hijira, aka saye shi fam miliyan 3.7. Zinariyar jikinsa ba ta wuce ta zobe ba. Abin da ya ɗaga shi, rubutun jikinsa ya ambaci ma'adinin Amirul Muminina da ke Hijaz, kuma kaɗan ne irinsa suka tsira.

A Amurka ma akwai irin wannan. A 1933 an buga tsabar zinariya ta dala 20 har guda 445,500. Kafin a sake su, Shugaba Roosevelt ya hana mutane ajiye zinariya, aka narke kusan dukkansu. Guda ɗaya tak doka ta yarda wani ya mallaka, wanda ake kyautata zaton ya taɓa zama a hannun Sarki Faruk na Masar. A 2021 an sayar da shi dala miliyan 18.9 a birnin New York.

Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne yadda ake ba kuɗin maki, kamar ɗalibi a jarrabawa. Ma'aunin yana tashi daga 1 zuwa 70, wani Ba'amurke mai suna William Sheldon ne ya fito da shi a 1949. Daga 60 zuwa sama, na kuɗin da bai taɓa yawo a kasuwa ba ne. Kamfanoni irin su PCGS da NGC suna duba shi da gilashin ƙara girma, su ba shi maki, su rufe shi cikin roba. Bambancin maki ɗaya yana iya ninka farashi. Idan kuwa suka ga alamar an goge shi, sai su hana shi maki, domin gugar tana barin ƙananan zane, tana kuma cire ƙyallin da ya fito da shi daga gidan bugu. Wannan ƙyalli in ya tafi, ba ya dawowa.

Mu da aka koya wa goge tukunya da toka har ta ɗauki ido, wannan ya zo mana baƙo. Mun yi gardama a ƙungiya. Wasunmu sun ce almubazzaranci ne a zuba miliyoyi kan ɗan ƙarfen da ba za a saya ko gyaɗa da shi ba. Maganarsu tana da nauyi. Sai dai mun tuna cewa zinariya ba ta da wuyar narkewa. Ba don wasu sun riƙe dinarin nan shekara 1,300 ba tare da sun kai shi maƙera ba, da yanzu zobe ne a yatsan wata, rubutunsa ya ɓace.

Ba ma tsammanin akwai dinari a gidajenmu. Amma a adakar kakanninmu akan sami anini, da kwabo mai huda, da sisi da sule, kuɗin da aka kashe kafin zuwan naira a 1973. Ba za su azurta kowa ba, amma kullum raguwa suke yi, kuma da tsohuwar zuma ake magani.

Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai, duk wanda ya ci karo da ɗaya, kada ya sa masa toka ko lemun tsami. Ya riƙe shi ta gefe, ya karanta shekarar, ya naɗe shi a takarda, sannan ya tambayi Kaka abin da kwabo yake saye a zamaninta.