Yanke Wuta Ya Fi Kunna Ta Wuya

Kalmar rile ta shigo Hausa ta bakin ma'aikatan lantarki, amma ta girmi lantarkin kansa. A Faransanci da Ingilishi, da can, da wannan suna ake kiran wurin da ɗan aike yake sauka ya bar dokin da ya gaji ya hau hutacce, watau kusan abin da Bahaushe zai ce zango. Da aka shimfiɗa wayar tangaraho a ƙarni na 19, sai aka ga saƙo yana raunana idan tafiya ta yi nisa. Aka sa wata ƴar na'ura a tsakiyar hanya, wadda gajiyayyiyar wuta za ta taɓa, ita kuma ta saki sabuwa mai ƙarfi ta ci gaba da saƙon. Ita ce ta gaji sunan, kuma har yau aikinta ke nan: ƙaramar wuta ta ba da umurni, babba ta bi.

Akwai wani dattijo ma'aikacin lantarki a yankin Tawa wanda ya yi ƙuruciyarsa yana ɗaura allunan wuta a ma'aikatu, da girma ya zo ya koma gyaran famfunan lambu da na ƙauyuka. Idan yaransa suka tambaye shi sirrin rile, amsarsa ba ta sakewa. Yakan ce kowane sakarai yana iya kunna wuta, yanke ta ne aikin. Sabon yaro yakan ɗauka zancen tsofaffi ne kawai, sai ya shekara a wurin kafin ya gane.

Abin da ke cikin rile ba shi da yawa. Akwai naɗin siririyar wayar jan ƙarfe a jikin wani guntun baƙin ƙarfe. Idan wuta ta bi ta naɗin, ƙarfen ya zama maganaɗisu, ya jawo wani ɗan hannu, hannun ya haɗa ƙarafa biyu ƙanana da aka yi da gaurayen azurfa. Waɗannan biyun dattijon yake kira leɓɓa, domin suna haɗuwa suna rabuwa kamar na mai magana. Da wuta ta ɗauke daga naɗin, sifirin ya mayar da hannun, leɓɓa su rabu. A ma'aikatu akan jera rile takwas ko goma sha shida a akwati guda, a manna shi a gefen ƙwaƙwalwar inji, wadda ma'aikatan Nijar suke kira otomat. Abin sha'awa, ita otomat ɗin an ƙirƙiro ta ne a Amurka a ƙarshen shekarun 1960 don ta maye gurbin tarin rile da ke cike da ma'aikatun motoci na General Motors. Ta kore su daga cikin gida, amma har yanzu su ne ke gadin ƙofarta, domin ita kanta da ƴar wuta take tunani, ba ta iya tayar da famfo.

Wutar da rile yake buɗewa yana rufewa iri biyu ce. Akwai mai kai-komo, wadda ake yi wa alama da haruffan AC, ita ce ta turakun gwamnati da ta janareto. Akwai kuma miƙaƙƙiya, mai alamar DC, ta batir da ta farantin sola. Wasu akwatunan ba sa ɗaukar sai iri guda: mai taransista na miƙaƙƙiya ne kaɗai, mai tirayak na mai kai-komo ne kaɗai, har ma idan aka ɗora tirayak a kan miƙaƙƙiya zai kunna ya ƙi kashewa. Rile kuwa yana karɓar kowacce, tunda leɓɓansa ƙarfe ne zalla. Wannan sauƙin halin nasa shi ne ke ruɗar mutane, su ɗauka duka ɗaya ne a wurinsa, alhali kama da wane ba ta wane.

Wanda ya karanta takardar da ke zuwa da akwatin zai ga an faɗa masa gaskiya tun da fari. A otomat ɗin Siemens samfurin S7-1200, misali, kowane rile an rubuta masa ampiya 2, amma iyakarsa bolt 250 ce a mai kai-komo, bolt 30 kacal a miƙaƙƙiya. Idan fitila ce za a ɗora masa, wat 200 a ta farko, wat 30 a ta biyu. Leɓɓan ba su sake ba, azurfar ba ta sake ba, amma abin da aka yarda su ɗauka ya ragu ninki-ba-ninki.

Dalilin yana cikin ɗan lokacin nan da leɓɓa suke rabuwa. Kafin su saki juna ɗungum, duk wutar takan matsu ta bi ta wani ɗigo guda, ɗigon ya yi zafi ya narke, tururin ƙarfe ya cika ɗan filin da ke tsakani, wuta ta samu gada ta ci gaba da wucewa ta cikin iska. Wannan shi ne harshen wutar da mai walda yake nema da gangan a bakin sandarsa, sai dai a nan ba wanda ya gayyace shi. Mai kai-komo a Nijar da maƙwabtanta tana zuwa ta dawo sau 50 a daƙiƙa, watau sau 100 ke nan take faɗuwa zuwa sifili. Duk lokacin da ta faɗi, harshen ya rasa abin ci ya mutu, kuma kafin ta sake tasowa filin ya huce. Dattijon yakan kwatanta abin da daka. Mace tana iya zura hannu a turmi ta juya hatsi domin taɓarya tana sauka tana tashi, akwai tsakani. Miƙaƙƙiyar wuta ba ta da tsakani, kamar injin niƙa take, wanda ya zura hannu ya san sauran. Ba abin da zai kashe harshenta sai nisa, ga shi kuwa tazarar leɓɓan ƙaramin rile ba ta kai milimita guda ba.

Tana da wata ɓarna kuma ta sannu a hankali. Da yake kullum fuska guda take bi, takan riƙa ɗibar ƙarfe daga leɓe ɗaya tana tarawa a ɗayan, har wannan ya yi rami, wancan ya yi tsini. Wata rana tsinin ya shiga ramin ya maƙale, sifirin ya ja ya kasa.

Shekarun baya wannan ilimi bai dami yawancin masu gyara ba, domin kusan duk abin da suke taɓawa na mai kai-komo ne. Sola ce ta sauya lissafin. Ba manyan tashoshi irin na Malbaza da Goru Banda ake nufi ba, waɗannan suna da injiniyoyinsu. Ƙananan faranti ne da suka bazu a lambuna da asibitocin karkara da rijiyoyin burtsatse, kowanne da jerin batir nasa na bolt 24 ko 48. Mutumin da ya saba ganin bolt 220 yana ganin 48 sai ya raina ta.

Haka ta faru a wani lambun albasa na ƙungiyar manoma, inda aka kira dattijon da sassafe. Da ma otomat ce ke buɗe bawul ɗin ban ruwa tana rufewa a kan lokaci, da wutar janareto. Da aka koma sola, wanda ya yi aikin ya sauya bawul da mai cin bolt 48, ya mayar da wayoyinsa a kan rilen da, yana cewa a ransa abin da ya ɗauki 220 ai 48 wasa ce. Makonni aka yi lafiya. Daren nan otomat ta ba da umurnin rufewa, fitilar da ke fuskar akwatin ta mutu kamar yadda ya kamata, amma leɓɓa sun riga sun manne. Ruwa ya kwana yana zuba, tafkin ajiya ya ƙafe, fangalin dashe ya zama taɓo. Fitilar nan ba ta yi ƙarya ba, sai dai naɗin waya take ba da labarinsa, ba ta san halin da leɓɓa suke ciki ba. Mai gyaran da ya tsaya ga kallon fitilu zai rantse komai daidai ne.

Yaron da ya raka shi ya ce, "Maigida, to ai bawul ɗin nan ɗan ƙarami ne, wutar da yake ci ba ta kai ampiya biyun ba."

Dattijon ya ce, "Abin da yake ci ka auna, ɗana. Ka auna abin da yake amayarwa?"

Nan ne rabi na biyu na maganar. Bawul, da kwantakta, da duk abin da ke da naɗin waya a cikinsa, yakan tara ƙarfi a maganaɗisunsa muddin wuta tana bi. Idan aka yanke ta farat ɗaya, ƙarfin nan sai ya nemi mafita, ya dawo da bugu na ɗaruruwan bolt, kuma a kan leɓɓan da ke rabuwa yake sauka. Shi ya sa ƙa'idojin duniya suka ware wa irin wannan kaya aji nasu, AC-15 da DC-13, kuma ampiyar da aka rubuta a ƙarƙashinsu takan gaza wadda ke saman takarda. Maganin ba shi da tsada. A miƙaƙƙiya akan gitta diyod a kan kayan, a juya shi baibai, yadda ba ya yin komai sai an yanke wuta, sa'an nan ya ba bugun hanya ya yi ta zagaye har ya mutu. Illarsa ɗaya, bawul yakan ɗan yi jinkirin sakewa. A mai kai-komo diyod bala'i ne, domin rabin lokaci gajeriyar hanya zai zama ya ƙone. Can baristo ake sawa, ko kwandansa haɗe da resista.

Kunnawar ma da dattijon yake rainawa tana da nata ƙaya, ko da yake bai cika son a tuna masa ba. Ƙwan fitila mai zare yakan ja ninki goma ko fiye na wutarsa a ƙiftawar farko, fitilun zamani da na'urorin caji su ma haka, leɓɓa kuma sukan ɗan yi tsalle kafin su zauna, su yi wa kansu walda a wurin.

Abin da ya yi a lambun bai ɗauki awa biyu ba. Ya bar mataccen rilen, ya koma kan wani da ke zaune ba aiki, amma bai ɗora masa bawul ba. Ya sa shi yana tayar da wani rile na waje, mai faɗin baki, wanda aka ƙera don bolt 48 na miƙaƙƙiya, irin wanda ake zarewa daga gindinsa da yatsa biyu. Ya gitta diyod a kan bawul, ya sa fis a hanya, tunda akwatin ba shi da nasa. Hujjarsa ita ce rile abu ne mai ƙarewa kamar takalmi. Wancan na Siemens an rubuta masa buɗewa da rufewa miliyan 10 idan ba kaya, dubu 100 kacal da cikakken kaya. Tunda mutuwa dole ce, gara ta sami wanda ake samu a kasuwar Maraɗi ko ta Ƙonni, da ta sami wanda ke manne a cikin akwatin da sai an aika Yamai.

Kafin su rufe allon ya nuna wa yaron wani abu da ido ba ya kamawa da wuri. Rilen da ke akwati ba kowanne ke cin gashin kansa ba, rukuni-rukuni suke, kowane rukuni da waya guda da ke shayar da shi. Wanda ya yi aikin farko ya yi sa'a, bawul ɗin shi kaɗai ne a rukuninsa. Da akwai kwantaktan famfo mai bolt 220 a tare da shi, da wuta iri biyu sun gamu a waya guda, kuma da ba tafki kaɗai aka yi asara ba. Dattijon ya sa yaron ya rubuta a jikin murfin, da alƙalamin da ba ya gogewa, wane rukuni ne na wace wuta, da bolt nawa, da ranar da aka sa sabon rilen.