Na Ziyarci Faru, Na Leƙa Tukunyar Gwaggo

Yau ba zancen ɗinki ko renon yara za mu yi ba. Tafiya na yi cikin hutun nan na damina, na je Faru ta ƙasar Maradun gaida gwaggona, na kuwa komo da wata magana wadda ta shafi tukunyar kowaccenmu. Amma kafin in soma, 'yar'uwa, ga tambaya: daren jiya tuwon me kika tuƙa? Riƙe amsarki tukuna, za mu komo kanta.

Mun tashi daga Gusau da hantsi, muka wuce Bunguɗu da Maru, muka sauka Talatar Mafara ran Talata, kasuwa tana ci. Kun dai san halin da hanyoyin ƙasar nan suke ciki yau shekara goma da 'yan kai saboda ɓarayin daji. Ba mai tafiyar dare, kuma kowa bakinsa da addu'a har a sauka. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, amin. Kafin motar Faru ta cika na zaga wajen 'yan hatsi. Buhunan shinkafa ga su nan jibge, masara haka, kwalayen taliya kuwa har sun tsere wa mai shago tsawo. Gero yana nan, amma ba shi ne a gaba ba.

Wannan ya ba ni mamaki, don mutanen ƙasar nan in sun ce “hatsi”, gero suke nufi, sai ka ce ba wani abin da ake shukawa sai shi. Da la'asar muka isa Faru, ko kuwa Hwaru yadda masu garin ke faɗi, garin marigayi Sa'idu Faru, makaɗin sarakuna wanda ya rasu cikin 1987. Na durƙusa na gaida Gwaggo, ta sa aka dama mini fura da nono mai kauri. Ina sha ina yabo, sai ta ce, “Ɗiyata, sha da kyau. Hatsi shi na maigida, saura duk baƙi na.” Amma da dare ya yi, matan 'ya'yanta suka sauke tukunya, sai ga tuwon masara. Washegari kuma shinkafa da wake. Ashe baƙin sun fi maigida zama a ɗaki!

Na tambayi Gwaggo yaushe abin ya juya haka. Ta gyara zama, ta ce sa'ad da aka kawo ta gidan nan amarya, fura ake sha da rana, da dare tuwon dawa ko na maiwa miyar kuka, mai tafiya kuma a yi masa guzurin hoce. Shinkafa ta fadama ce, ana shuka ta inda gulbi ke malala, tuwonta kuwa sai salla ko biki ko an yi babban baƙo. Masara 'yar bayan gida ce, a gasa wa yara. Ta ce abu biyu suka sāke wannan tsari tana kallo: na fari gulbi, na biyu sama.

Zancen gulbi shi ne dam ɗin Bakolori, wanda aka datse Gulbin Sakkwato da shi kusa da Maradun. An fara ginin cikin 1974, bayan babban farin nan na 1973, aka gama cikin 1978. Nufin hukuma shi ne a tare ruwan damina, a riƙa sako shi ta magudanai, a noma alkama da shinkafa da rani a ƙasashen Mafara da Bakura da Maradun. Amma ruwa ya ci gonaki da garuruwa, zancen diyya ya kawo rigima, har cikin watan Afrilu na 1980 aka yi asarar rayukan manoma masu yawa. Mutanen da ke gangaren gulbi kuma suka ga ambaliyar da ke shayar da fadamarsu kowace shekara ta ragu, shinkafar gargajiya ta ja baya, kifi ya yi ƙaranci. Masu gona a bakin magudana kuwa shinkafa ta zama musu abin kullum. Kin ga ke nan, da an taɓa ruwa an taɓa tukunya.

Zancen sama shi ya fi girma. Gwaggo ta ce dā manomi ya san kwanan daminarsa. Yanzu sai ruwa ya sauka a yi shuka, sa'an nan ya ɗauke mako biyu ko uku, shuka ta ƙone, a sake binne wani iri. In kuma ya tashi zuwa, sai ya zo da hauka dare guda, ya kwashe kunya, ya rushe katanga. Ba ta san sunan abin a littafi ba, amma abin da masana ke kira sauyin yanayi ke nan.

Ga yadda abin yake a taƙaice. Hayaƙin fetur da gas da kwal da duniya ke ƙonawa, da saran dazuzzuka, suna tara wata iska a sama wadda ke riƙe zafin rana kamar yadda murfi ke riƙe tururi cikin tukunya. Daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa yau zafin duniya ya ƙaru da fiye da digiri ɗaya, shekarar 2024 kuwa ta fi duk waɗanda aka auna kafinta zafi. Bayan farin 1973 da na 1984 ruwa ya ɗan komo ƙasashenmu na bakin Sahara, amma da sabon hali. Wani bincike da aka buga cikin 2017, wanda aka yi da hotunan tauraron ɗan Adam, ya nuna manyan haduran nan masu zubar da ruwa mai yawa lokaci guda sun ninka uku tun daga 1982. Watau ruwan yana zuwa a dunƙule, ya gudu rafi, maimakon ya jiƙa ƙasa sannu sannu.

To, wane hatsi ne zai jure wannan? Ƙanen mijin Gwaggo ya kai ni gonarsa ta kusa da gari, don gonakin nesa tsoro ya sa an bar su. Ya nuna mini masara da gero kafaɗa da kafaɗa. Masara tana son ruwa a kai a kai, tana son takin zamani, in kuwa zafi mai tsanani ko fari ya same ta sa'ad da take fid da kai tana shirin goyo, sai a ɓare a tarar da totuwa da 'yan ƙwayoyi jefi jefi. Shinkafa ita ma ba ta rayuwa sai da ruwa isasshe. Gero kuwa ɗan jigawa ne, saiwarsa tana nitsewa ƙasa, yana nuna cikin wajen wata uku, yana kuma iya haƙuri da fari har ruwa ya komo. Dawa ita ma in ruwa ya ɗauke takan naɗe ganyenta ta jira. Maiwa da doguwar dawa su ne cikin hatsari, don suna bukatar damina mai tsawo, shi ya sa manoma da yawa suke rage su.

Akwai kuma wani abin da ido ba ya gani. Gwaje-gwajen da aka yi a Amurka da Japan da Ostareliya, waɗanda aka bayyana cikin 2014, sun nuna in iskar nan ta yi yawa, shinkafa da alkama sukan rage sinadaran ƙarfe da zinki da na gina jiki da ke cikin ƙwayarsu, amma dawa ba ta cika raguwa haka ba. Dama kuwa gero ya fi farar shinkafa sinadarin ƙarfe, wanda ke ƙara wa mai ciki da yaro jini. Ba a banza ba Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2023 don tunawa da gero da danginsa.

Kada ki ce na zo zargin matan gidan Gwaggo ne. Na tambaye su, suka ba ni hujjarsu. Gero aiki gare shi: a sussuka, a sheƙe, a surfa, a wanke, a daka. Shinkafa kuwa wankewa ce a zuba, taliya ma kafin icce biyu su cinye ta nuna, icce kuwa ya yi tsada. Yara sun saba da farin tuwo, suna yi wa na dawa kallon abincin tsofaffi. Mazan kuma suka ce jan-baki yana cinye gero a tsaye, masara kuwa tana cikin rigarta, in ta samu taki da ruwa ta fi cika buhu. Duk gaskiya ne. Abin tsoro ɗaya ne: muna ta jingina da abin da ya fi son ruwa, a daidai lokacin da ruwan ya daina cika alkawari.

Tsofaffi suna ba da labarin yunwar Kakalaba ta 1914 da 'Yar Gusau ta 1942. Gwaggo ta ji su daga bakin iyayenta, farin 1973 kuwa da idonta ta gan shi. Ta ce gidan da ya tsira shi ne mai tsohon dami a rumbu, da matar da ta san tafasa da yaɗiya da zogale, ta iya kwaɗa su. Ran da zan taho ta shiga ɗaki ta sauko da wasu zangarniyoyin gero da ta rataye, na iri, ta ce tun daga uwar mijinta ake ta juya shi. Ta ƙulle mini kaɗan a bakin zane. Allah Sarki! Na karɓa hannu biyu, ina tunanin ko 'yan matan gidan sun san abin da ke rataye bisa kansu.

Yanzu fa mu koma ga tambayata. In amsarki masara ce ko shinkafa, ba laifi, ni ma haka. Amma ki sani abin da mace ta aika a auno shi manomi ke shukawa baɗi. Saboda haka ga roƙona. Ki ba gero da dawa kwana biyu ko uku cikin mako, ko tuwo, ko kunu, ko fura, ko dambu, ki haɗa da wake da ganye. In daka ne ya yi miki nauyi, injin surfe yana nan. Ki shanya kuka da kuɓewa da zogale cikin inuwa tun suna araha. In maigida manomi ne, ki tuna masa akwai iri masu saurin nuna, kamar geron SOSAT da ire-iren dawar da Cibiyar Samaru ta Zariya ta fitar, ya tambayi malamin gona, amma kada ya yar da irin gida. Ke kuma 'yar makaranta, hutun da ke zuwa ki zauna gaban kakarki da littafi da alƙalami, ki rubuta sunan kowane irin dawa da ta sani, da kowane ganye na ci, da yadda ake sarrafa shi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Irin Gwaggo yana nan na adana cikin kwalba, zan shuka shi tare da ɗalibaina a gonar makaranta in ruwa ya sauka. Wadda ta ga irin wannan canji a garinsu, ta rubuto mana mu ji. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.