Baƙon Da Ke Cike Fom Da Tsakar Dare

Shekarun baya wata ƙungiyar malamai ta ɗora mini nauyin kula da ɗan shafinta na intanet, saboda kawai ni ne mafi ƙarancin shekaru a cikinsu. Abu biyu ne a shafin: akwatin binciken littattafan ɗakin karatunmu, da fom ɗin aika wa sakatare saƙo. Wata safiya sakataren ya kira ni ransa a ɓace. Akwatin wasiƙunsa ya cika da saƙonni marasa kan gado, wasu kalma ɗaya tal, wasu ma fayau. Ya riga ya yanke hukunci cewa wani memba ne, wanda suka yi sa-in-sa da shi a taron da ya gabata, ke yi masa shaƙiyanci.

Na buɗe rajistar da sabar ke ajiyewa ta duk mai shigowa. Saƙonnin sun zo ne tsakanin ƙarfe biyu da huɗu na dare, a jere, ba tsayawa. Kalmomin kuwa namu ne: "nahawu", "tarihi", "fiƙihu", an tsinto su daga shafukanmu an cusa a fom. Babu ɗan Adam a lamarin. Gizo ne, irin manhajar da injinan bincike ke saki tana bin yanar gizo shafi bayan shafi tana kwafe abin da ta gani. Sunan ya dace da shi, domin Gizon tatsuniya ma ba ya ganin ƙofa ya wuce.

Da can gizo mahaɗai kawai yake bi. Inda ya tarar da fom sai ya juya. Matsalar ita ce ɗimbin bayanai suna kwance ne a bayan fom: kundin ɗakunan karatu, jadawalin jiragen ƙasa, rumbunan hukumomi. Ba a ganinsu sai an rubuta tambaya. A watan Afrilun 2008 Google ya sanar cewa gizonsa ya fara gwada cike wasu fom, yana zaɓen kalmomi daga shafin da kansa, yana kuma gwada zaɓuɓɓukan da ke cikin jeri. Ya gindaya wa kansa sharuɗɗa: fom na GET kawai, ban da mai neman kalmar sirri ko bayanan mutum, kuma zai mutunta umarnin robots.txt. Amma gizo ba ɗaya ba ne a duniya, kuma ba kowanne ke da irin wannan kunya ba. Wanda ya ziyarce mu bai da ita.

A nan ne laifina ya fito. A ƙa'idar HTTP, GET kamar tambayar farashi ne a kasuwa: ka tambaya sau ɗari, kayan mai shago suna nan yadda suke. POST kuwa miƙa kuɗi ne, ciniki ya faɗa. Duk abin da zai aika saƙo, ko ya goge, ko ya sauya wani abu, ta POST ya kamata ya bi. Ni kuwa na gina fom ɗin sakatare da GET, domin haka na gani a darasin da na kwaikwaya. Na ɗan sami sanyi da na karanta cewa manya ma sun taka wannan sahun: a 2005, manhajar Google Web Accelerator, mai buɗe mahaɗai tun kafin a latsa su don a yi sauri, ta riƙa taɓa mahaɗan "goge" a wasu shafuka, har kamfanin 37signals ya fito ya yi gargaɗi.

Ko da an gyara wannan, damuwar masu shafuka ba ta ƙare ba. Kowace tambaya aiki ce ga sabar, kuma mai ƙaramin shafi shi ke biya. Akwatin bincike na iya haifar da shafuka marasa iyaka masu kama da juna, ƙididdigar maziyarta kuma ta gurɓace. Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ta sirri. Da yawanmu mun ɗauki fom a matsayin ƙyaure, alhali asabari ne. Makarantar da ta sa sakamakon ɗalibai a bayan akwatin "rubuta lambarka" ba ta kulle komai ba, domin gwada lambobi ɗaya bayan ɗaya shi ne aikin da na'ura ba ta gajiya da shi. Shi ma robots.txt, wanda Martijn Koster ya fito da shi a 1994, bai kuma zama rubutacciyar ƙa'ida a hukumance ba sai 2022, roƙo ne da aka manna a bakin zaure. Mai tarbiyya ya karanta ya koma. Ɓarawo kuwa ya karanta ya gane ɗakin da ake ɓoye kaya.

Na mayar da fom ɗin sakatare POST a ranar. Da zafin rai na hana kowane gizo kusantar akwatin binciken ma, sai daga baya na yi nadama. Kundinmu yana ɗauke da sunayen littattafan Hausa da da wuya a same su a wani wuri, kuma ɗalibin da ke nemansu daga Damagaram ko Kumasi ta injin bincike zai zo. Sai na yi shafi guda na jera littattafan duka, kowanne da mahaɗinsa, domin gizo ya daina lalube.

Na kai wa sakatare rajistar a buge a takarda. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "To, wa ya aiko shi?" Na ce babu kowa. Bai gamsu ba. Membar da ya zarga kuwa har yau bai san an taɓa zarginsa ba.